Gonar da Ba Ta Ganin Rana

Daga cikin abubuwan wannan zamani waɗanda da an ba magabata labarinsu da sun ɗauke su tatsuniya, akwai wata irin gona a ƙasashen Amurka da Kanada da Holan, wadda ba a yi mata sharar bazara, ba a jiran saukar damina kafin a shuka ta, tsiron da ke cikinta kuwa tun daga ranar da ya yi saiwa har ranar da aka girbe shi ba ya ganin rana ko da sau ɗaya. Gonar nan ɗaki ce rufaffe, wani lokaci ɗakin kwana da aka kwashe kayansa, wani lokaci kuma makeken sito da aka toshe tagoginsa, abin da ya fi shahara da nomawa a cikinta kuwa shi ne tabar wiwi, wadda littattafan fiƙihu suke kira hashisha. Wanda ya tsaya ya dubi wannan ɗaki da idon basira zai ga cewa ya tayar da tsohuwar mas'ala a cikin sabuwar riga, watau mas'alar iyakar ikon ɗan Adam a kan sababai, da kuma abin da yake hawa wuyansa duk lokacin da ikon nan ya ƙaru.

Tsoro ne ya fara shigar da wannan tsiro ɗaki, domin ya yi dubban shekaru yana girma a sarari, daga Asiya inda asalinsa yake har zuwa Masar da duwatsun Rif na Maroko, ana tufka igiya da zarensa, ana matse mai daga 'ya'yansa, wasu kuma suna neman maye a ganyensa da furensa. A shekarun 1970 aka riƙa fesa wa gonakin wiwi na Meksiko guba daga jirgin sama da taimakon gwamnatin Amurka, a 1983 kuma jihar Kalifoniya ta soma farautar gonakin da ke ɓoye cikin dazuzzukanta da jirage masu saukar ungulu, sai manoman suka fahimci cewa muddin tsiro yana ƙarƙashin sama, to idon hukuma zai iske shi ta inda rana take iske shi, saboda haka suka janye shi zuwa bayan bango. A Holan al'amarin ya zo da baƙuwar siffa, domin bayan gyaran dokar 1976 hukuma ta kau da kai daga shagunan da ke sayar da tabar wiwi kaɗan kaɗan, amma ta bar nomanta a matsayin laifi, sai ya zama abin da ake sayarwa a bainar jama'a a ɓoye ake noma shi a saman benaye. Da dokoki suka sassauta daga baya, Kolorado a 2012, Kanada a 2018 inda dokar tarayya ta yarje wa gida tsiro huɗu, Jamus a 2024 inda aka yarje wa baligi tsiro uku, sai aka zaci tsiron zai koma fili gaba ɗaya. Amma kaso mai yawa ya yi zamansa a ɗaki, saboda sanyin ƙasashen, da sharuɗɗan tsaro, da kuma cewa masu saye sun riga sun saba da ƙarfin abin da ɗaki yake fitarwa.

Abin da ya ba manomin ɗaki ragamar wannan tsiro wani sirri ne na halitta wanda masana ba su gane shi sosai ba sai a farkon ƙarni na ashirin. A 1912 wani Bafaranshe mai suna Julien Tournois ya lura cewa in aka gajarta wa wannan tsiro yini yakan yi fure tun bai isa ba, a 1920 kuma Garner da Allard a Amurka suka tabbatar da ƙa'idar da gwajin ganyen taba da waken soya, daga baya aka gane cewa tsawon dare ne tsiron yake aunawa. Manomin dawa a ƙasar Hausa ya san wannan a aikace tun kaka da kakanni, domin dawar gargajiya, ko an shuka ta da ruwan farko ko an ɗan makara, takan fid da kai kusan lokaci guda a ƙarshen damina. To, mai ɗaki ya riƙe wannan ƙa'ida ya mai da ita linzami: yana tsawaita wa tsiron yini da fitilu muddin yana son ya yi ganye da rassa, ran da ya ga dama kuma ya raba masa yini da dare daidai wa daida, sai tsiron ya ɗauka kaka ta gabato ya shiga fure, ko da kuwa a waje dusar ƙanƙara ce take zuba. Yana cire mazan ya bar matan ba barbara, domin su yi ta fitar da danƙon da ake nema. Yana girbi sau da yawa a shekara guda. Ga mutum yana fito da rana da ɗan yatsa yana faɗar da ita da ɗan yatsa, har mai gajeren tunani ya ce abin da ya gagari Namarudu a gaban Annabi Ibrahimu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yau ga shi a hannun wani saurayi a birnin Denba.

Sai dai ranar da ya ƙera ba ta zuwa ita kaɗai, da zafinta take zuwa, domin duk wutar lantarkin da ta shiga ɗaki rufaffe, ko ta zama haske da farko, ƙarshenta zafi ne, zafin kuwa ba shi da inda za shi. A fili iska mai zafi takan tashi sama, dare ya zo ya sanyaya ƙasa, ba wanda ya biya ko anini. Haka nan ruwa: tsiro ba ya riƙe abin da ya sha sai ɗan kaɗan, fiye da kashi tara cikin goma yakan fitar da shi tururi ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jikin ganye, ta haka ne yake sanyaya kansa yake kuma jawo abinci daga saiwa. A gona iska takan kwashe tururin ta yi gaba da shi. A ɗaki kuwa duk bokitin da aka zuba a gindin tsiro da safe, kafin dare ya koma yana rataye a cikin iska. Iska mai ɗumi tana ɗaukar laima mai yawa, mai sanyi ba ta iyawa, saboda haka lokacin da aka kashe fitilu ɗakin ya fara hucewa, sai laimar ta sauka raɓa a kan ganye da bango da cikin furen kansa, a nan kuma funfunar da masana ke kira Botrytis take samun masauki. Muguntar wannan cuta ita ce daga tsakiyar fure take farawa, inda ido ba ya kaiwa, kafin alama ta bayyana a waje ciki ya riga ya ruɓe. Abin lura kuma shi ne furen nan mai cunkoso da nauyi, wanda aka yi shekaru ana zaɓen iri domin a same shi, cunkoson nasa ne yake riƙe danshin da ke kashe shi. Mai ɗaki ya kawo na'urar tsotse laima, ita kuma tana aiki tana fitar da zafi. Ya kawo na'urar sanyaya ɗaki domin ta kashe zafin, kuɗin wuta ya ninka. Ya buɗe kafa domin iska ta shiga, wari ya fita ya tona masa asiri, ƙwayoyin cuta kuma su shigo. Ya toshe ko'ina, tsiron ya cinye iskar kabon da ke ɗakin ya tsaya cik, sai an sayo masa wata a tukunyar ƙarfe. In kuwa ya wuce gona da iri wajen busar da iskar, ganye ya rufe ƙofofinsa ya nannaɗe, wasu mitsi-mitsin ƙwari dangin gizo-gizo, waɗanda ba abin da suke so kamar zafi da bushewa, su yaɗu su lulluɓe furen da yana. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kullum yana ɗaure nan can yana kwancewa.

Bangon da ya gina domin ya tsare tsironsa shi ne kuma ya tsare abokan gaban tsiron daga nasu abokan gaba. A sarari ƙwaro yana da mai cinsa, ruwan sama yana wanke ganye, sanyi yana rage yawansu. A ɗaki ba ko ɗaya, ƙwaro guda da ya shigo a jikin riga sai ya zama runduna cikin 'yan makonni, har ta kai manoma suna sayen ƙwari masu cin ƙwari a cikin kwalba su saki a ɗakin, watau suna biyan kuɗi domin a dawo musu da ɗan abin da suka kora. Sa'an nan da yake yawancinsu ba sa shuka iri, reshe suke yanka daga uwa guda su dasa domin 'ya'yan su fito kamarta sak, sai ya zama raunin uwar raunin ɗakin ne baki ɗaya. A 2019 aka ba da rahoton wata ƙwayar cuta a wiwin Kalifoniya, wadda ta fi bairos ƙanƙanta, asalin saninta a tsiron da ke sa wa giya ɗaci ne, tana iya zama a jikin tsiro ba alama sa'an nan ta tsumburar da shi. Babbar hanyar yaɗuwarta kuwa ita ce almakashin manomin da reshen da ya dasa da hannunsa. Ƙari a kan wannan, tsiro ba ya magana sai da ishara, ishararsa kuwa mai harshen damo ce: ganyen da ya langaɓe yana iya nufin ƙishirwa, yana iya nufin ruwa ya yi yawa har saiwa ta kasa numfashi, wanda ya yi rawaya yana iya nufin yunwa, yana iya nufin taki ya taru ya hana saiwa ci, mai gaggawa kuwa yakan ƙara abin da shi ne ya jawo cutar.

Malaman tauhidi da muka gāji littattafansu sun yi magana a kan wannan tun ba a san lantarki ba. Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, mutumin Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, wanda kuma ɗalibai a zaurukanmu suka daɗe suna haddace ƙaramin littafinsa na aƙida, ya bambanta hukuncin hankali da na shari'a da na al'ada, ya bayyana cewa alaƙar wuta da ƙuna, ko abinci da ƙoshi, ko ruwa da tsiro, alaƙa ce da muka sani ta hanyar maimaituwa, wadda Allah Ya gudanar da al'ada a kanta, tana kuma iya saɓawa in Ya so. Shi da masu sharhin littattafansa sun kasa mutane game da sababai: akwai mai ganin sababi yana aiki da ɗabi'arsa ba ruwansa da Mahalicci, akwai mai ganin yana aiki da wani ƙarfi da aka ajiye a cikinsa, akwai mai yarda cewa Allah ne Mai aikatawa amma yana ganin haɗuwar sababi da abin da ya haifar lazimi ce da ba ta warwarewa, akwai kuma mai riƙon sababi yana sane cewa tasiri na Allah ne Shi kaɗai. Imamu Gazali ya riga shi da misalin wuta da auduga a raddinsa ga masu falsafa. In aka kalli ɗakin wiwi ta wannan taga, sai a ga kamar an gina shi ne bisa aƙidar kashi na uku, domin dukan tsarinsa yana cewa in an daidaita haske da zafi da laima da taki bisa awo, to girbi wajibi ne. Sa'an nan funfuna ta zo cikin dare guda ta ci aikin wata uku.

Amma a nan ya kamata mai wa'azi ya yi hattara, kada daɗin hujja ya ɗauke shi. Mai jayayya zai ce masa, kuma da gaskiyarsa, ai funfunar ma da sababinta ta zo, al'ada ba ta saɓa ba, manomin ne dai bai ƙidaya sababan duka ba, manyan kamfanoni masu na'urorin awo a kowace kusurwa kuwa suna girbi shekara da shekaru ba tare da irin wannan hasara ba. Wanda ya jingina imaninsa ga lalacewar na'ura, ya zauna yana jiran injin ya tsaya domin ya ce ga ikon Allah, to duk ranar da aka ƙera injin da ya fi na jiya inganci hujjarsa ta ragu, wannan kuwa ba ita ce hanyar Sanusi ba. A ganina ɗakin da ya yi albarka ya fi wanda ya lalace zama aya. Dubi abin da gwanin manomin ɗaki yake yi tun safe har dare: ba shi ya sanya wa tsiro auna dare ba, ya tarar da shi a haka ne ya bi, ba shi ya hukunta cewa iska mai sanyi ta kasa riƙe laima ba, ya tarar ne ya kiyaye, iyakar gwanintarsa ita ce ya san ƙa'idodi masu yawa waɗanda bai kafa ko ɗaya daga cikinsu ba, ya kuma yi musu ɗa'a dalla-dalla fiye da yadda manomin fili ya taɓa buƙata. Wanda ake gani kamar sarki a ɗakinsa, in an duba da kyau, bara ne mai iyayengiji da yawa, ba ya iya tafiyar kwana uku ba tare da zuciyarsa tana kan ma'aunin laima ba. Suratul Waƙi'a ta raba aikin mai huɗa da shuka daban, fitar da tsiro daban, ta jingina na farko ga mutum ta hana shi na biyu, rabon nan kuwa bai motsa ba don an sauya garma da maɓallin lantarki. Hadisin barbarar dabino a Madina kuma ya isa shaida cewa sanin sababai da riƙonsu ba laifi ba ne, abin nema ne.

Akwai kuma wata fa'ida da wannan ɗaki ya yi mana ba da niyya ba, ita ce ya sanya wa ni'imar da ba a saye farashi. Wani masani Ba'amurke, Evan Mills, ya ƙiyasta a 2012 cewa noman wiwi a ɗaki yana cin kimanin kashi 1 cikin 100 na dukan wutar lantarkin Amurka, abin da kuɗin makamashinsa ya kai wajen dala biliyan 6 a shekara, kuma kowane kilo guda na busasshen fure yana jawo fitar hayaƙin kabon kimanin kilo 4,600. Masu bincike a Jami'ar Jihar Kolorado sun sake lissafin a 2021 suka sami tsakanin kilo 2,283 da 5,184, gwargwadon garin da ɗakin yake, suka kuma nuna cewa sarrafa zafi da laima da sauya iska yana cikin manyan abubuwan da ke cin wutar. Wannan fa domin a kwaikwayi rana da iska ne a cikin 'yan ɗakuna, saboda tsiro iri guda. Mai son ya san abin da ake zuba wa gonar gero kyauta daga fitowar alfijir zuwa faɗuwar rana, ya ɗauki wannan lissafi ya auna. Zafin da aka tara kuwa ba ya ɓoyuwa: a 2015 'yan sandan Haarlem a Holan suka ga jerin gidaje duk rufinsu fari fat da ƙanƙara in ban da guda da tasa ta narke, suka shiga suka tarar da gona, a Amurka ma shari'ar Kyllo, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2001, ta taso ne daga na'urar ganin zafi da jami'ai suka auna wani gida da ita a jihar Oregon.

Daga nan ne mas'alar take juyawa daga aƙida zuwa alhaki. Fiƙihun Malikiyya yana da babin da ake kira ja'iha, watau annobar da ke faɗa wa 'ya'yan itace bayan an sayar da su suna bisa, kamar fāra ko tsananin sanyi ko guguwa, wadda in ta ci sulusi ko fiye sai a sauke wa mai saye gwargwadonta daga kuɗin. Asalin ma'anarta kuwa abin da ba a iya tunkuɗe shi. Shari'a ta san cewa mai aiki a ƙarƙashin sama yana da abokin tarayya da ba ya iya umarta, saboda haka ta buɗe masa ƙofar uzuri. Mai ɗaki ya sallami wannan abokin tarayya, tare da shi kuma ya sallami mafi yawan uzurin. In wiwi ta tsiro da kanta a bayan gari, ba wanda za a tambaya. In makiyayi ya wuce ta bai tuge ba, maganarsa mai sauƙi ce. Amma tsiron da aka zaɓi uwarsa, aka ƙidaya masa sa'o'in haske, aka raba shi da namiji, aka tsotse masa laima dare da rana, babu siffa ɗaya a jikinsa da mai shi zai ce ba da nufinsa ta zo ba.

Fuƙaha'u sun yi saɓani a kan hashisha tun lokacin da ta yaɗu a Masar da Sham a ƙarni na bakwai na Hijira, zamanin da Ibnul Baiɗar masanin tsirrai, wanda ya rasu a 1248, ya siffanta ta a lambunan Masar. Ba su yi saɓani a kan haramcin gusar da hankali da ita ba, saɓaninsu a kan wane aji za a sa ta ne. Imamu Ƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya kasa masu taɓa hankali uku, mai sa maye tare da nishaɗi, da mai ɓata hankali ba tare da nishaɗi ba, da mai sa barci har gaɓoɓi su daina ji, ya sa hashisha a aji na biyu, abin da ya sa a wurinsa ba haddi a kanta sai ladabtarwa, ba najasa ba ce, ɗan kaɗan da bai taɓa hankali ba kuma bai haramta ba. Shehu Abdullahi Manufi, malamin Halilu mai Muhtasar, ya sa ta a aji na farko, hujjarsa kuwa ta mai lura da mutane ce, cewa ana ganin masu shanta suna sayar da dukiyarsu dominta, da ba su jin daɗi a cikinta da ba su yi haka ba. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya tsananta ya haɗa ta da giya a haddi, Zarkashi kuma ya keɓe mata littafi sukutum a kan haramcinta.

Abin da ya kamata mai karanta waɗannan maganganu a yau ya riƙe shi ne, tsiron da suka yi wa hukunci ganyen lambu ne, na ɗaki kuwa an yi shekaru hamsin ana tace shi zuwa manufa guda. Sinadarin da ke sa mayen, wanda ake kira THC, Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka ware shi a 1964, daga nan ya zama abin aunawa. Awon da aka yi a Jami'ar Misisifi a kan wiwin da hukuma ta kama ya nuna ya tashi daga wajen kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa wajen kashi 12 a 2014, a shagunan yau kuwa kashi 20 ba abin mamaki ba ne. Wani bincike da aka buga a 2019, wanda aka gudanar a wurare goma sha ɗaya a Turai da Brazil, ya sami cewa masu shan mai ƙarfin kullum sun kusa ninka waɗanda ba su taɓa sha ba sau biyar wajen haɗarin kamuwa da taɓin hankali, ko da yake masana suna muhawara a kan yawan abin da za a jingina wa tabar ita kaɗai. Ɗan kaɗan ɗin da Ƙarafi ya yi rangwame a kansa, da wuya a same shi a furen da aka gina ɗaki musamman domin kada kaɗan ɗinsa ya zama kaɗan. Malikiyya kuma sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, alhali inabi halal ne a zatinsa, yana da amfani iri iri. Ina ga amfanin gonar da aka cire masa kowace fuska aka bar masa guda?

Mutane sukan ruɗu da ƙwarewa, su ga tsabtar ɗakin da haƙurin mai shi da tashinsa cikin dare domin duba tsironsa, su ji kamar irin wannan himma ba za ta zama a kan ɓata ba. Kyautata aiki abin yabo ne a shari'a, amma yabonsa yana bin hukuncin aikin ne, ba ya sauya shi. A 2017 'yan sandan Ingila suka buɗe wani ginin ƙarƙashin ƙasa a Chilmark, wanda gwamnati ta gina a shekarun 1980 domin mafaka in yaƙin nukiliya ya ɓarke, suka tarar da dubban tsirrai cikin kyakkyawan tsari, wutar ta sata ce, masu ban ruwan kuwa samari ne 'yan Biyetnam da aka kulle a ciki, su ma ba sa ganin rana.

Duk da haka zalunci ne a rufe babin a nan, domin ɗaki irin wannan, da fitilunsa da na'urorinsa, shi ne kuma ake noma magani a cikinsa. Tun 2003 kantunan magani a Holan suke ba da wiwi bisa takardar likita ƙarƙashin kulawar wani ofishin gwamnati, a 2018 Amurka ta amince da Epidiolex, wanda aka tace daga wani sinadarin tsiron da ba ya sa maye, domin wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara, a ƙarshen 2020 kuma hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga jerin da ya fi kowane tsanani. A irin wannan ɗaki yaƙi da laima amana ce ta rai, domin funfunar Aspergillus da mai lafiya zai shaƙa ya wuce tana iya kashe majinyacin da garkuwar jikinsa ta yi rauni, shi ya sa ake haska wa wiwin magani na Holan wani haske mai kashe ƙwayoyin cuta kafin ya isa hannun mara lafiya. Ikon da ya zama hujja a kan wancan manomi, shi ne nan ya zama sharaɗin ingancin aikin wannan, tun da likita ba ya iya auna magani da tsiron da ƙarfinsa ke sauyawa da kowace damina.

Mas'alar kuwa ta riga ta ƙwanƙwasa mana ƙofa ta fuska biyu. Hukumar NDLEA tana kama wiwin Kanada, wadda dillalanta ke kira Loud, a tashoshin ruwan Legas, a ƙasar da wani bincike na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a cikinta da mutum miliyan 10.6. Ta ɗaya fuskar kuma Maroko, ƙasar Malikiyya, ta halatta nomanta domin magani da masana'antu a 2021, Gana ta buɗe ƙofar lasisi ga nau'in da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, an kuma sha kai irin wannan ƙuduri gaban Majalisar Wakilai a Abuja. Malamin da za a kawo wa wannan tambaya ba zai wadatu da sunan tsiron ba, kamar yadda Ƙarafi da Manufi ba su wadatu da shi ba sai da kowannensu ya dubi abin da take yi wa mai shanta. Zai buƙaci ya tambayi wane nau'i ne aka dasa, nawa ne awon abin mayen da ke cikinsa, hannun wa girbin zai faɗa, wa kuma zai tsare ƙofar sito tsakanin gona da kantin magani a ƙasar da kodin da tiramadol suka fita ta irin wannan ƙofa suka shiga unguwanni. Sa'an nan ya nemi a kawo masa takardar awon, ya sa likita amintacce ya karanta masa ita, kafin ya ba da fatawa.